Shekarar da Aka Rage Hancin Libarbar Baba Saje

Na san abin da aka riƙa faɗa muku a bakin famfo da hanyar makaranta kuna yara, wai ubanku ya yi zaman kurkuku ne saboda yana gyara wa 'yan fashi bindiga. Shi bai taɓa buɗe baki ya wanke kansa ba har ya koma ga Mahaliccinsa, ni kuma ya hana ni magana yana da rai. Yau ba shi, ba Iya mahaifiyata, ba yayana Garba. Ni kaɗai na rage cikin manyan da aka yi abin a gabansu, ga ido ya fara gajiya, don haka gara in rubuta tun ina iya ganin layi. Gaskiya ne ya yi kurkuku, gaskiya ne kuma bindiga ce ta kai shi. Amma bindigar ta gidanmu ce, ta mahaifina ce, kuma ba ta taɓa zubar da jinin kowa a Legas ba.

Mahaifina, wanda duk Agege ke kira Baba Saje, ɗan soja ne jikan soja. A Legas aka haife shi, a nan ya haife mu, shi ya sa muka tashi da Hausa a tsakar gida da Yarabanci a bakin titi, har yayana ma Buroda nake ce masa. Baba ya je yaƙin Bama lokacin yaƙin duniya na biyu, ya dawo da ɗingishi da kuma libarba, wato bindigar hannu irin mai juya harsashi, wadda wani Baturen hafsa ya ba shi kyauta da zai koma ƙasarsu. Ba ƙaramar aba ba ce. Hancinta, wato bututunta, dogo ne, bakinta kuwa ina yarinya nakan zura ɗan yatsana a ciki ya shige, in na ɗaga ta da hannu biyu sai kafaɗuna su amsa. Yana da lasin ɗinta, yana sabuntawa. Tana naɗe cikin guntun bargon soja a ƙasan akwatin ƙarfe, ba ya fito da ita sai jajiberin Sallah, ya zauna a kan tabarma ya shafe ta da mai, ya mayar. Da ya rasu, Buroda Garba ya je aka juya lasin ɗin zuwa sunansa, shi ke nan, akwatin ya ci gaba da zama a ƙarƙashin gadon Iya.

Babanku kuwa mutumin Haɗeja ne, aikin soja ya kawo shi Legas. Ba ya cikin masu fita fagen daga, shi mai gyaran makamai ne a bariki, duk bindigar da ta cije hannunsa take zuwa. Ta wajen gaisuwar tsofaffin sojoji ya san Baba, ta nan ya san ni. Da aka gama yaƙin basasa ya ajiye kaki, ya ce ya ga abin da ya ishe shi. Buroda ne ya ba shi rumfar ƙofar gida ya buɗe wurin aiki, yana wasa wa mahautan kwata wuƙaƙe, yana gyara ma'auni da kwaɗo da keken ɗinki. Mutum ne marar yawan magana, in yana aiki har numfashinsa yakan rage. Ya taɓa ce mini babu abin da ya fi masa daɗi a sabon aikin kamar sanin cewa duk abin da ya fita daga hannunsa cikin gida zai shiga, ba cikin mutum ba.

Shekarar da ta biyo bayan yaƙi, bindiga ta yi yawa a hannun da bai kamata ba. Kuɗi sun fara yawo a gari, masu tare hanya su ma suka yawaita, fataken shanu kuwa su aka fi sa wa ido don an san ba sa dawowa hannu wofi. Wata ranar Laraba da la'asar, Buroda da amininsa Alhaji Mamman, dukansu fataken shanu, suna dawowa daga Abekuta a mota, an kusa Abule Egba, sai suka tarar an gitta gungume a hanya. Rana ba ta ko faɗi ba, mutane na noma a gefe. Aka sauke kowa, aka kwantar da su a kwalta. Alhaji Mamman bai yi gardama ba, hannu kawai ya kai zai ciro abin da ke aljihunsa ya ba su, suka harbe shi. Kansa a cinyar Buroda ya cika. Ni na jiƙa rigar da Buroda ya dawo da ita, na wanke, na sake wankewa, daga baya na haƙa rami a bayan gida na binne ta.

Daga ranar Buroda ya zama wani mutum. Shi da in yana dariya ana jiyo shi daga tashar jirgi, sai ya koma zama a zaure yana kallon ƙasa. In danfo, motar haya, ta yi tari a titi sai ya zabura. Abinci ya koma kamar yadda aka kai masa. Bayan sadakar bakwai, wata safiya muna tsakar gida, ina tankaɗe, babanku yana shan koko, sai ga shi ya jawo akwatin Baba ya dire a gabanmu. Ya kwance bargon, ya ajiye libarbar a kan tabarma.

"Malam, so nake ka rage mini hancinta. Ta yi tsawo, ba ta shiga aljihun ciki."

Babanku ya ajiye kwanon koko. Bai taɓa bindigar ba.

"Yaya, ai na bar wannan aikin."

"Hannunka bai manta ba."

"Bai manta ba. Shi ya sa zan gaya maka gaskiya. Wannan babbar bindiga ce, tsawon nan shi ke danne ta. In aka rage, harbawa ɗaya za ta nemi ƙwace kanta daga hannunka, kuma ba za ka sami abin da ka auna ba sai wanda ke tsaye a gabanka kuna jin numfashin juna. Ban da haka, takardar lasin ta faɗi kamanninta. Ranar da aka yanke ta, takardar nan da bindigar nan sun rabu."

"Waɗanda suka kashe Mamman takarda suka nuna mana?"

Sai muka ji muryar Iya daga ɗaki. Iya ba ta faɗin sunan Buroda, shi ne ɗanta na fari, Mai Shanu take ce masa.

"Mai Shanu, ubanka ya riƙe abin nan shekara da shekaru bai ga ta yi masa tsawo ba. O ti to, ya isa haka. Mayar da ita inda ka ɗauko."

"Iya, Baba a akwati ya riƙe ta. Ni hanya zan bi."

Ya juya wajen babanku, idanunsa jajur. Ya ce shi ba zai tilasta wa kowa ba, in Malam ba zai yi ba akwai wani maƙeri a unguwar Ajegunle da aka ba shi labari, ba ya tambaya, ba ya wa'azi. Ya naɗe bindigar ya bar ta nan a kan tabarma, ya fita.

Kwanaki babanku bai ce komai ba a kan maganar. Ni ma ban tambaye shi ba, don ban san abin da nake so ya yi ba. Ina tsoron bindigar, ina kuma tsoron ranar da za a sake kawo mini wata riga in wanke. Ranar da ya yanke shawara, yana wanke hannu bayan cin tuwon rana ya ce mini:

"Rabi, na san irin masu aikin Ajegunle. Zai yanke ta a karkace, ya bar mata kaifi a ciki. Ranar da yayanki ya ja kunama, a hannunsa za ta tashi. In dai sai an yanke ta, gara ni."

Washegari ya saki tabarma a bakin rumfa, ya ce wa mahauta ba ya aiki. Na kai masa ruwa na same shi ya kwance bindigar gunduwa-gunduwa a kan farin ƙyalle, ya ɗaure hancin a ƙarfen matsi, yana ta kallonsa da zarto a hannu kamar mai jiran a ce masa ya fasa. Da ya fara yanka, ƙarar ta shiga har ɗakin Iya. Na ji ta ƙara sautin tasbihinta. Can guntun ƙarfen ya faɗi ƙasa, ya gangara har bakin ƙofa. Iya da ba ta taɓa taka rumfar surukinta ba, sai ga ta ta fito da mayafi, ta sunkuya ta ɗauke shi, ta koma ciki ba ta dubi kowa ba. Sauran aikin ya fi yankan cin lokaci. Ya yi ta goge bakin da magagari, yana shafawa da yatsa, yana ɗagawa ga hasken rana. Ya mayar da ɗan ƙarfen saiti a sabon bakin, ya baƙanta wurin har ya saje da sauran jikin. Da ya haɗa ta, in ba ka san ta da ba sai ka rantse haka aka ƙera ta. Guntuwa, mai kauri, ta cika tafin hannu. Na ce masa ta yi kyau.

"Shi ne abin da ya dame ni," in ji shi.

Suka tafi da Buroda can cikin gonakin goro bayan gari don gwadawa. Da suka dawo, Buroda yana riƙe da wuyan hannunsa yana dariya, dariyar farko tun rasuwar Alhaji Mamman. Ya ce ya auna kututture ya sami sama, tsuntsayen dajin kaf sun yi ƙaura. Dole in faɗi wannan don kada ku ɗauka sharri kawai abin ya kawo: bindigar nan ta dawo mini da yayana. Ya sa tela ya ɗinka masa aljihu a cikin 'yar shara, ya koma bin hanya, ya koma cin abinci, ya koma tsokanar Iya. Bai taɓa harba ta a kan kowa ba. Nauyinta kawai yake ji a haƙarƙarinsa ya sami natsuwa. Damina ta wuce a haka, ina ɗauke da cikin ƙanwarku Hadiza, har na fara cewa a raina babanku ya cika tsoro.

Sai aka kafa shingen bincike a hanyar, saboda an sake yin fashi a kusa, kuma waɗanda aka yi wa sun ce da guntuwar bindigar hannu aka tare su. Aka sauke mutanen motar su Buroda, aka laluba, aka same ta a jikinsa. Ya fito da lasin da ƙarfin gwiwarsa. Ɗan sandan ya karanta, ya dubi bindigar, ya kira ogansa. Takarda ta ce doguwa, abin da ke hannu guntuwa, ga ta kuma a ɓoye cikin riga. Lambar da ke jikinta ta yi daidai da ta takarda, amma suka ce ya sami lambar wata bindigar ya buga a jikin wata, suka tsare shi. Ku da ba ku ga lokacin ba, ba za ku gane abin da wannan ke nufi ba. Lokacin ne ake ɗaure 'yan fashi a jikin ganga a bakin teku a harbe su, mutane su cika motoci su je kallo da 'ya'yansu a kafaɗa. Wanda duk aka tura kotun 'yan fashi, danginsa sukan fara karɓar gaisuwa tun kafin a yanke hukunci.

Manyan Zango, unguwar Hausawa, suka yi ta zirga-zirga, Sarkin Fawa da kansa ya je ya yi shaida a kan halin Buroda. Aka ce musu magana ɗaya ce: wa ya yanke bindigar? Buroda ya ce shi ya yanke da kansa. Suka yi dariya, suka ce wannan ba aikin mai shanu ba ne, aikin wanda ya san makami ne, kuma shi suke nema. Aka tambaye shi ta lallami, aka tambaye shi ta wata hanyar, bai canza magana ba.

Ni aka bari in kai masa abinci. Na same shi ya rame, leɓensa a kumbure, ya zauna a jingine don ba ya iya miƙe baya. Mai gadin Bayarabe ne, don haka Buroda ya yi mini magana da Hausa, ƙasa-ƙasa, yana yi kamar yana yaba miyar.

"Ki gaya wa mijinki kada ya kuskura ya tako nan. Ya faɗa mini gaskiya na ƙi ji. Yana da ƙananan yara, ga ki da ciki. Kin ji ko?"

"Buroda, in aka kai ka can fa?"

"Allah yana nan. Ki rantse za ki gaya masa."

A cikin motar komowa na yi ta juya abin. In na isar da saƙon kamar yadda aka ba ni, wataƙila na rasa ɗan'uwana. In na ɓoye, na tura uban 'ya'yana da hannuna. Har na sauka a tasha ban sami mafita ba. Da na shiga gida babanku yana zaune a ƙofar ɗaki bai buɗe rumfa ba. Na gaya masa duka biyun: abin da Buroda ya ce, da yadda na ga Buroda. Ya ɗago ya dube ni.

"Ke me kika ce?"

Na sunkuyar da kai ina gyara bakin zanena. Ya gyaɗa kai kamar na ba shi amsa.

Labulen ɗakin Iya ya motsa. Tsakaninta da babanku akwai kunya irin ta da, gaisuwa ce kawai daga nesa, ba su taɓa haɗa ido ba. Hannunta kawai muka gani ya fito, ta ajiye wani abu a bakin ƙofa naɗe cikin guntun bargon soja, ta janye. Guntun hancin bindigar ne.

"Malam," ta ce daga ciki, "ban roƙe ka ba."

"Na sani, Iya."

Na daɗe ina riƙe da Iya a zuciya saboda wannan. Na ce ta zaɓi ɗanta a kan mijina. Sai da ku nawa 'ya'yan kuka girma kuka fara bin hanya, sannan na daina tambayar kaina ko ni da zan bar ƙarfen a cikin akwati.

Da safe babanku ya yi wanka, ya sa farin kaftaninsa na Juma'a, ya ɗauki takardar sallamarsa ta soja da guntun ƙarfen. Ya shafa kan kowannenku. Ya ce mini kwaɗon wani Alhaji yana kan tebur, an gama gyara, in ya zo a ba shi. Ya tafi wajen 'yan sanda da ƙafarsa. An ce mini da ya isa ya ajiye guntun a bakin bindigar, suka haɗu kamar ba a taɓa raba su ba, har layin da ke cikin bututun ya bi juna. Ya yi musu bayanin kowace goga da ya yi, da dalilin da ya sa ya yi. Wannan ya fitar da Buroda daga layin 'yan fashi. Aka ci shi tara, aka karɓe bindigar, ba mu sake ganinta ba. Babanku kuwa alƙali ya ce tsohon soja ne, ya fi kowa sanin doka, ba shi da izinin taɓa makami bayan ya bar aiki. Aka ɗaure shi. Fanshonsa ma ya tafi tare da hukuncin.

Yana ciki na haifi Hadiza, ba shi ya yi mata huɗuba ba. Gari kuma ya ɗauki rabin labarin ya bar rabi. Waɗanda suka san gaskiya suka yi shiru don tsoron a ce suna da hannu, waɗanda ba su sani ba suka yi ta faɗa. Har wasu baƙin fuska suka riƙa zuwa suna tambayar yaushe mai gyaran zai fito, suna da aiki. Na fara tuyar ƙosai a ƙofar rumfar da ke rufe. Kowace safiya Buroda yakan zo da nama daga kwata da kansa, ya ajiye a bakin ƙofata, ya yi sallama. Nakan ɗauki naman saboda ku, amma sallamar ban amsa ba. Gida ɗaya muke, in ya shigo ta nan sai in bi ta can. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba, bai kuma taɓa fashin zuwa ba.

Ranar da aka sako babanku an kwana ana ruwa, tsakar gida duk taɓo. Bai bari a je tarbarsa ba, shi kaɗai ya hawo mota ya sauka a tasha ya tako. Ya shigo da kaftanin nan da ya tafi da shi, ya yi masa yawa, gemunsa ya yi fari. Kuka ruga kuka rungume shi, Hadiza kuwa ta ɓuya a bayana tana leƙen baƙo. Maƙwabta suka cika gidan. Ana cikin haka sai ga Buroda ya fito daga ɗakinsa da babbar riga sabuwa fil. Ya tako har gaban babanku, ya tsaya. Sai kawai ya zube. Ba durƙuso irin namu ba, kwanciya ya yi rub da ciki, ƙirjinsa da goshinsa a cikin taɓo, irin gaisuwar da yaran Yarabawa ke yi wa iyayensu. Mutumin da ya girme shi, mai gidan da yake zaune a ciki, wanda ake tashi tsaye in ya shiga kara, kasuwar shanu.

"Yaya, tashi don Allah. Yara suna kallo."

Buroda bai motsa ba. Babanku ya kama hannunsa ya ja, ba shi da ƙarfin ɗaga shi. Ya dubi hagu ya dubi dama, sai ya tattara kaftaninsa ya zauna daɓas a cikin taɓon kusa da kansa, ya miƙe ƙafa kamar wanda ya sami tabarma.

"To, Yaya, ya kasuwa? An ce shanu sun yi tsada."

Buroda ya ɗago fuska duk laka da hawaye.

"Sun yi tsada, Malam. Wallahi sun yi tsada."

"Na Nijar suna shigowa kuwa?"

Ya ja jiki ya zauna, ya share fuska da hannun riga, ya fara ba shi labarin kara. Na tsaya ina kallonsu, manya biyu a ƙasa cikin taɓo suna maganar farashin bijimi. Na shiga madafa na zuba tuwo a kwano ɗaya, na kawo na ajiye a tsakaninsu. Na ɗebo ruwan wanke hannu, na fara miƙa wa yayana.

"Buroda," na ce, "sa hannu, zai huce."